Fiyus Huɗu da Ɓera Ɗaya: Abin da Ya Sami Motar Yankan Ciyawarmu

Tun ranar taron wata da aka kusa yanke shawarar sayar da motar yankan ciyawar ƙungiya, mutane da dama sun tare ni a hanya suna tambaya wai me ya same ta, kuma ta yaya ta tashi. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure a bakin masallaci da wajen mai shayi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Akwai kuma wani bashi da ke wuyana wanda nake so in sauke a gaban kowa.

Ga waɗanda ba su daɗe da shigowa cikinmu ba, motar nan wani dattijonmu mazaunin Abuja ne ya sayo ta gwanjo ya ba ƙungiya kyauta, don a riƙa gyara filin ƙwallo da gefen makaranta. Ƙaramar mota ce ta hawa, mai kujera ɗaya da sitiyari, ga wuƙaƙe biyu suna juyawa a ƙarƙashinta. Kafin zuwanta, kowa ya san yadda muke yi: a tara matasa ranar Asabar da langa-langa da adda, a yi ta sara tun hantsi har azahar, bayan mako biyu tofa ta sake miƙewa kamar ba a taɓa ta ba. Duk wanda ya yi damina ɗaya a Maikunkele ya san ciyawar nan ba ta wasa. Daga watan Mayu har Oktoba, in ka juya baya sai ta kai maka gwiwa, kuma inda ciyawa ta yi duhu ba a rasa maciji. Yaranmu kuwa da yawa ba takalmi suke buga ƙwallo.

Ni aka damƙa wa makullin sito da na motar, ɗan ƙanwata kuma shi ke tuƙa ta, ana ba shi ɗan ihsani duk wata. Ni ba bakanike ba ne. Iyakacin sanina da lantarki shi ne canja ƙwan fitila da gyaran soket.

Da ruwa ya sauka bana muka turo ta daga sito, inda ta kwana tun watan Nuwamba. Batir ya mutu murus, wannan ba abin mamaki ba ne, muka kai shi wajen mai caji ya kwana. Washegari muka ɗaura, yaron ya hau, ya taka birki, ya murɗa makulli. Shiru. Ko ɗan ƙas ɗin nan da ake ji kafin sitata ta ɗauka babu. Muka bi jar wayar da ta fito daga batir, sai ga wani ɗan akwatin roba kusa da shi, a ciki akwai fiyus mai ruwan ɗorawa, an rubuta 20 a kansa. Na ɗaga shi sama na duba, ƙaramin ƙarfen da ke tsakiyarsa ya tsinke. Na yi murna. Na ce ashe abin na 'yan kuɗi kaɗan ne. Na aiki yaro ya sayo sabo, muka sa, mota ta tashi da bugu ɗaya.

Minti goma ta yi tana yanka, sai ta yi tari sau biyu ta mutu a tsakiyar fili. Fiyus ya sake ƙonewa. Muka sa wani, wannan karon ko zagaye biyu ba ta yi ba.

Daga nan na fara kuskure. Na ce wa kaina ai fiyus ɗin kasuwa ne ba su da ƙarko, bari a sa wanda ya fi ƙarfi. Na sayo kore mai lamba 30. Ya ɗan jima fiye da na baya, amma shi ma ya tafi, kuma da na taɓa wayar da ke bayansa na ji ta da ɗumi. Da ina da ilimin abin, wannan ɗumin kaɗai ya isa ya tsayar da ni. Maimakon haka sai na kira wani mai gyaran babura da nake hulɗa da shi. Ya zo ya duba, ya yi dariya, ya ce, "Malam, ai wannan ba matsala ba ce, haka muke yi wa babur." Ya tsinko siririyar wayar tagulla ya naɗe ƙafafun ƙonannen fiyus ɗin da ita, ya cusa a wurinsa. Ina tsaye ina kallo, ban hana shi ba, har da yi masa godiya.

Yaron ya hau ya ja ta. Bai kai ragar can ba sai muka ga hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin murfin inji, ga warin ƙonanniyar roba. Ya kashe makulli, ya diro, ya ɗaga murfin, ya fizge fiyus ɗin da hannunsa. Tagullar ta ƙona masa yatsa biyu. Tankin fetur bai kai kamu biyu daga inda wayar ta narke ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Labari ya riga ni isa taro. Abin da aka ji shi ne yaron ya ƙona mota. Wani ya ce dama gudu yake yi da ita kamar ɗan acaɓa, wani ya ce ya gan shi yana wanke ta da ruwa. Ma'ajinmu, wanda ban ga laifinsa ba don shi ke riƙe da asusu kuma ya san abin da ke ciki, ya ce kayan gyaranta ba a samunsu a Minna, gara a sayar wa 'yan gwangwan tun tana da sauran daraja, a kuma dakatar da ihsanin yaron. Yaron yana zaune a baya da yatsu a ɗaure, bai ce uffan ba. Ni kuma ban tashi na ce ni na kawo wanda ya naɗa wayar ba. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Alhaji, a ba ni mako ɗaya."

Washegari na hau mota zuwa cikin gari, na wuce Tudun Fulani da Bosso, na sauka wajen masu gyaran motoci na Ƙetaren Gwari, inda aka yi mini kwatancen wani tsohon mai rewaya. Na same shi a ƙarƙashin wata rumfa yana kwance sitatar wata mota. Na ba shi labari tun daga farko. Da na kai wurin naɗa waya sai ya ajiye sukudireba ya dube ni.

Ya ce, "Malam, in mai gadi ya yi ihu cikin dare, ɓarawo ake nema ko mai gadin ake ɗaure wa baki?"

Na ce, "Ɓarawo ake nema, Baba."

Ya ce, "To kai mai gadi ka ɗaure."

Bayanin da ya yi mini, in na fahimce shi daidai, shi ne wannan. Batirin motar nan bolt 12 ne kawai, ba ya jan mutum in ya taɓa, shi ya sa muke raina shi. Amma ƙarfin da yake iya turowa lokaci guda ya wuce amfiya 200, don da shi ake juya inji. Sirararan wayoyin da ke zagaye jikin motar ba za su iya ɗaukar ko kusa da haka ba. Jikin motar kansa, wato ƙarfen bodi, shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir, don a nan aka ɗaure baƙar waya. Saboda haka duk lokacin da waya mai wuta ta goge ta taɓa bodi, wutar ta sami gajeriyar hanya, sai ta kwararo gaba ɗaya. An yi fiyus ne da gangan ya zama shi ne mafi rauni a layin, ya narke kafin wayar ta narke. Lambar da ke kansa an zaɓe ta ne daidai da kaurin wayar. In ka sa mai 30 a wurin mai 20, ka ba wayar izinin yin zafin da ba a yi ta dominsa ba. In ka naɗa tagulla, to wayar motar ita ce ta koma fiyus ɗin.

Ya nuna mini cewa launin ma magana ne, a irin waɗannan fiyus masu ƙafa biyu na mota: ja 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Sannan ya yi mini tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba: yaushe yake ƙonewa? Ya ce amsar wannan ita ce rabin gyara. In da sa shi ya ƙone, makulli na kashe, to matsalar tana tsakanin batir da makulli, ko kuma a na'urar da ke mayar da caji. In sai an murɗa makulli, tana cikin abubuwan da makullin ke bai wa wuta. In sai ana tayarwa, a duba layin da ke zuwa ga ɗan akwatin da ke haɗa wutar sitata. In kuma sai an kunna wuƙaƙe, a irin motocin da kulocin wuƙarsu na lantarki ne, to a duba kulocin. Tamu da hannu ake jan wuƙa, don haka wannan bai shafe mu ba. Na ce masa tamu sai ta fara tafiya, musamman a wajen da fili ke da gargada. Ya ce, "Waya ce ta goge, tana taɓawa tana saki. Girgiza ce ke haɗa su."

Na tambaye shi wani abu da ya ɗaure mini kai. Na san injin nan ba daga batir yake samun wutar fulogi ba, kwayil ɗinsa da kansa yake yin wuta in inji na juyawa, kamar ƙaramin janareto. To me ya sa yake mutuwa in fiyus ya ƙone? Ya ce in duba ƙasan kafireta, zan ga wani ɗan abu kamar fulogi ƙarami da waya a jikinsa. Muddin yana samun wuta yana buɗe wa mai hanya, da wuta ta ɗauke sai ya toshe. Shi ya sa take yin tari kafin ta mutu, ragowar man ne take ƙarasawa. A nan ne ya ja kunnena kan wani abu daban: kada in kuskura, in makullin motar ya lalace, in sa mata na babur ko na mota don kawai ya shiga ramin. Makullin irin waɗannan injuna yana da ƙafar da aikinta shi ne haɗa kwayil da bodi don a kashe inji. In aka sa wanda zai tura wa wannan ƙafar wutar batir, kwayil ya ƙone nan take.

Bai biyo ni ba ranar, aiki ya yi masa yawa. Abin da ya yi shi ne ya karɓi ɗaya daga cikin ƙonannun fiyus ɗin da na zo da su a aljihu, ya ɗauko ƙwan sigina na mota mai wat 21, ya liƙa wayoyi biyu da dalma daga ƙwan zuwa ƙafafun fiyus ɗin. Ya ce in sa wannan a wurin fiyus. Ƙwan ba zai bar wutar da ta kai amfiya 2 ta wuce ba, don haka ba abin da zai ƙone. In babu inda waya ta taɓa bodi, zai zauna a mace ko ya yi ja kaɗan. In ta taɓa, zai haska sosai. Ya ce kada in yi ƙoƙarin tayar da inji da shi, ba zai tashi ba, in murɗa makulli mataki ɗaya kawai in bi wayoyi ina girgiza su ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi kuɗinsa, ya ce in biya kuɗin ƙwai, in ta tashi in dawo mu yi magana.

A hanyar dawowa na yi ta tunani. Jiharmu ce ke da Kainji da Shiroro, ga Zungeru nan kusa da mu, har kirari ake mana da jihar lantarki, amma ga ni da furfurata ban san aikin abin da bai kai ɗan yatsa ba.

Da la'asar na kira yaron. Da farko ya ce, "Kawu, ni dai a bar ni, kada a sake cewa ni ne." Na ce ya zo ya riƙe mini fitila kawai. Muka fara cire wayar fulogi, yadda tsohon ya ce a yi duk lokacin da hannu zai kusanci inji ko wuƙa. Muka kwance baƙar wayar batir, muka yanke wurin da ya narke, muka sa sabuwar waya mai kauri ɗaya da ta da, sannan muka mayar da batir. Na cusa ƙwan a wurin fiyus. Makulli a kashe, ƙwai a mace. Na murɗa mataki ɗaya, ya ɗan yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Wannan daidai ne, ɗan abin ƙasan kafireta ne ke shan tasa.

Sai muka shiga girgiza. Bayan sitiyari, babu komai. Ƙarƙashin kujera, babu. Wajen birki, babu. Mun kusa minti arba'in, har na fara zargin tsohon ya sallame ni ne kawai. Yaron ya kwanta a ƙasa ya zura hannu ta gefen inji, inda wani damin wayoyi ya bi ta kan ƙarfen bodi ya nufi kafireta. Yana taɓawa ƙwan ya haske rumfar gaba ɗaya. Ya saki, ya koma ja. Ya sake taɓawa, ya sake haskawa. Ya ce, "Kawu, ga shi nan!"

Da muka kwance salatif ɗin da ya naɗe damin, sai ga waya an gwigwiye mata roba wajen tsawon gaɓar yatsa, tagulla a fili, ga sawun haƙora ƙanana a jere. A ƙarfen da ke ƙarƙashinta akwai ɗigo-ɗigon baƙi inda wuta ta riƙa tartsatsi. Muka leƙa ƙarƙashin murfin fankar inji, muka zaro tsummoki da ɓawon gyaɗa da totuwar masara cike da hannu biyu. Ɓera ya yi gida a ciki tun hunturu. Ko da wayar ba ta ba mu matsala ba, wannan sheƙar kaɗai ta isa ta toshe iskar da ke sanyaya inji.

Yaron ya dubi ɓawon gyaɗar, ya dube ni, bai ce komai ba. Ba sai ya faɗa ba. Sitonmu ba a ajiye abinci a cikinsa. Ni ne bayan girbin bara, da ɗakina ya cika, na kai buhunan masara huɗu da na gyaɗa ɗaya na jingine su a bayan motar, na ce na 'yan kwanaki ne, suka yi wata huɗu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bashin da na ce zan sauke ke nan. Yaron bai yi gudu da mota ba, bai jiƙa ta da ruwa ba. Ni na jawo ɓera, ni na sa fiyus ɗin da ya fi ƙarfin waya, ni na kawo wanda ya naɗa tagulla, kuma na yi shiru a taro ana ɗora masa laifi alhali hannunsa ne ya hana motar kamawa da wuta. Na roƙe shi gafara a gida gaban mahaifiyarsa, ina kuma roƙon shugabanni a mayar masa da ihsaninsa har da na watan da aka riƙe. In asusu ba zai ɗauka ba, ni zan biya.

Gyaran kansa bai ɗauki rabin awa ba. Muka yanke wurin da aka ci, muka haɗa, muka kai wa mai gyaran rediyo ya zo ya liƙe da dalma, don murɗa waya da hannu kawai ba ya jure girgiza. Muka naɗe da salatif, muka zura damin cikin guntun tiyo, muka ɗaure shi nesa da bakin ƙarfen. Muka sa fiyus mai lamba 20. Yaron ya hau ya murɗa makulli.

Shiru.

Wallahi sai da na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Na zaro fiyus, lafiyarsa lau. Muka tsaya muna kallon juna, can sai yaron ya fashe da dariya, ya miƙa hannu ya mayar da sandar wuƙa baya. Tun ranar hayaƙi aka bar ta a ja. Motocin nan suna da 'yan makunnai na tsaro a ɓoye: ɗaya a birki, ɗaya a sandar wuƙa, ɗaya a ƙarƙashin kujera. In ba ka taka birki ba, ko wuƙa na a kunne, sitata ba za ta ko motsa ba. In kuma ka tashi daga kujera wuƙa na juyawa, inji zai mutu da kansa. Duk wanda motarsa ta yi shiru, ya fara duba waɗannan kafin ya kwance komai. An sha ba ni shawarar a cire na kujerar, wai yana kashe inji in an shiga rami yaron ya yi tsalle. Ban yarda ba kuma ba zan yarda ba. Filin nan yara ne ke kewaye da shi kullum, kuma ranar da direba ya faɗo, wannan ɗan makunnin ne kaɗai zai tsayar da wuƙa.

Ta tashi, ta yanke filin gaba ɗaya a yammacin, fiyus bai ko yi ɗumi ba.

Sai dai ba a rabu da Bukar ba. Bayan yanka na uku sitata ta fara nauyi. Na koma wajen tsohon, wannan karon ya biyo ni da mitarsa. Ya gwada batir inji na kashe, ya sami 12.2, alhali cikakken batir 12.6 yake nunawa. Aka tayar aka ba ta wuta, maimakon lambar ta hau tsakanin 13.5 da 14.5, ba ta motsa ba. Ya gwada wayoyin da ke fitowa daga ƙarƙashin fanka, inda ake haifar da wutar caji, ya ce nan lafiya, wuta na fitowa. Na'urar da ke gyara wutar ta tura wa batir ita ce ta mutu, kuma a ganinsa ranar tagulla ce ta tafi. Ba a same ta a Minna ba. Mun aika da hotonta da lambar da ke jikin inji ga wani ɗan uwa a Kaduna ya duba mana Panteka, in ba a dace ba sai Legas.

Kafin ta iso, duk bayan yanka biyu muna cire batir mu kai caji, baƙar waya ake fara kwancewa, ita ake ɗaurawa a ƙarshe. Na sa fiyus uku masu lamba 20 a leda na ɗaure a ƙarƙashin kujera, ƙwan gwajin kuma yana rataye a ƙusa cikin sito ga duk mai buƙata, don yana aiki a babur da Keke Napep ma. Na kwashe buhunana, an toshe ramin da ke kusurwar gabas da siminti. Kuɗin na'urar in ta samu zan kawo wa taro da rasit. Yanka na gaba ranar Asabar ne da safe in ba a yi ruwa ba, muna roƙon matasa su zo su tsince duwatsu da gwangwanaye kafin mota ta shiga.